MARIGAYI BALA MILLER: DAGA BADUJALAR TITI ZUWA ƘUNGIYAR MAKAƊA 28

Idan ana lissafin mashahuran makaɗan ƙasar Hausa na ƙarni na ashirin, sunayen da kan fara zuwa bakin mutane su ne Ibrahim Narambaɗa, da Musa Ɗanƙwairo, da Mamman Shata, da Ɗanmaraya Jos. Wannan kuwa daidai ne, domin kowannensu ya ci sunansa. Amma akwai wani ɗan asalin Zazzau wanda ya bi wata hanya dabam, hanyar da ba a saba da ita ba a Arewa. Shi bai riƙe kalangu ko kotso ko kuntigi ba. Ƙahon Turawa ya busa, kuma burinsa shi ne ya ɗora harshen Hausa a kan kiɗan babbar ƙungiya mai ɗimbin kayan busa da na kaɗawa, wadda kowane makaɗi a cikinta ke bin rubutaccen tsari. Wannan mutum shi ne Bala Miller, wanda aka haifa cikin 1928, ya rasu cikin 2003.

Tarihinsa ya cancanci ma'aikata da ɗalibai su san shi, domin shi kansa ma'aikaci ne wanda ya shekara da shekaru yana aikin ofis da rana, yana kiɗa da dare. Har ila yau tarihin yana ɗauke da wata tambaya da ba a gama amsa ta ba har yanzu, watau shin kiɗa gado ne kawai da roƙo, ko kuwa ilmi ne da za a iya buɗe masa makaranta?

ASALINSA

Wanda ya tsaya a Tukur-Tukur, inda aka kafa kamfanin Gaskiya cikin 1945, zai hango dutsen Kufena, wanda garin Wusasa ke kusa da gindinsa. Tsakanin waɗannan wurare da birnin Zazzau aka yi wani babban sashe na renon Hausar boko. Sunan Miller kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Likita Walter Miller, wanda Zage-zagi ke kira Likita Mila, yana cikin ayarin 'yan Mishan na C.M.S. da suka isa Kano cikin 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su. Cikin 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Wajen 1929 aka mai da Mishan ɗin Wusasa. Daga wannan ƙaramar al'umma ta Hausawa da Fulani Kirista aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mahaifin Bala yana cikin mutanen farko na ƙasar Hausa da suka karɓi addinin Kirista, har ya zama limamin majami'a. Aikin limanci irin nasa na yawo ne, yau a tura ka nan, gobe can. Saboda haka ba a Zariya aka haifi Bala ba, a Fankshin ne, cikin ƙasar Filato. Shi ne na takwas a ɗakinsu, mata biyar, maza uku. Ko da yake an haife shi nesa da ganuwar Zazzau, Hausa ce harshen gidansu, kuma da ita ya yi waƙoƙin da aka fi tunawa da shi.

LAKWAJA DA IKKO

Yana yaro aka mai da mahaifinsa majami'ar Holy Trinity ta Lakwaja. Wannan gari da ke mahaɗar Kwara da Binuwai shi ne inda Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900, kuma ya daɗe yana barikin soja. Inda duk aka yi bariki kuwa, akwai badujala. Kayan busa da na kiɗa da sojan mulkin mallaka suka gama da su, wasu sun faɗa hannun majami'a. A nan Bala ya fara ganin begila da manyan ƙahoni na tagulla, ya kuma sa hannu a kansu. Yana ɗan shekara 9 ya shiga ƙungiyar makaɗan majami'ar, yana kuma cikin masu rera waƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan wuri kunnensa ya saba da jin murya huɗu suna tafiya tare, kowace da hanyarta, ba tare da sun yi karo ba.

Daga Lakwaja aka tura shi Ikko, makarantar C.M.S. Grammar School, wadda aka kafa tun 1859, ita ce sakandare mafi tsufa a Nijeriya. Ya shiga badujalar makarantar. Amma bai tsaya nan ba. Tun yana ɗalibi ya riƙa bin wata ƙungiya da ake kira Calabar Brass Band, wadda ke kiɗa a bakin titi da wuraren biki. Kiɗan titi ba shi da ladabin majami'a. Ƙara ake so, da zafi, da abin da zai ta da mai wucewa ya taka rawa. Ba takarda a gaban kowa, da ka ake haddacewa, wanda ya yi kuskure hayaniya ta rufa masa asiri. Ta haka Bala ya tashi da makaranta biyu a kansa, ta tsari da ta titi, kuma sauran rayuwarsa ƙoƙari ne na haɗa su wuri guda.

ZAMANIN HAILAIF

Da ya gama makaranta ya koyi aikin tallata kaya, ya kama aiki a kamfanin Lever Brothers a Ikko. Lokacin kuwa kiɗan hailaif, wanda ya taso daga ƙasar da ake kira Gana a yau, yana kan ganiyarsa. Zuwan E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos Ikko a farkon shekarun 1950 ya ruɗa samari, kowane otal yana neman ƙungiyarsa. Bala yakan tashi daga ofis, da dare ya ɗauki ƙahonsa ya nufi wurin Samuel Akpabot, wanda ke da tasa ƙungiyar.

Cikin 1954 Akpabot ya tafi Landan karatun kiɗa, daga baya ya zama malamin jami'a mai tsara kiɗan okestira da ke haɗa kayan Turawa da na Afirka. Tafiyarsa ta sa aka haɗe yaransa da makaɗan wani mai otal a Ikko, aka sami babbar ƙungiya wadda daga bisani aka raba ta uku. Bala ya faɗa ɓangaren da Victor Olaiya ke shugabanta. Olaiya shi ne wanda ƙungiyarsa ta Cool Cats ta yi wasa a liyafar zuwan Sarauniyar Ingila cikin 1956, da kuma bikin samun mulkin kai cikin 1960. Bala ya tsara masa waƙoƙi, ya kuma kai masa karin da ya taso da shi daga Arewa. Ta wannan ƙofa wani abu na muryar ƙasar Hausa ya shiga hailaif ɗin Ikko, ko da yake yawancin masu rawa ba su san daga inda ya fito ba.

Cikin 1956 ya koma kamfanin Nigerian Breweries, aka tura shi Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa, a matsayin wakili. A nan ya kafa ƙungiyarsa ta farko, Universal All Stars. Bayan haka ya yi aiki da kamfanin mai na BP a Ikko, ya zauna a Badun inda ya yi wasa da Chris Ajilo, ya kuma ziyarci Gana ya rubuta wa wasu makaɗanta waƙoƙi. Cikin 1966 yana Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, inda ya kafa wa hukumar ƙungiya mai suna Harbours Dance Band, wadda ta riƙa wasa a Island Club, matattarar manyan Ikko. Abin lura a nan shi ne, duk inda aiki ya kai shi sai ya tara mutane ya haɗa ƙungiya. Gwaninsa bai tsaya ga busa ba. Ya iya tsara mutane, ya iya lissafin kuɗi, ya san yadda ake shiga ofis a nemi abu a samu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya kasuwar hailaif a Ikko, domin da yawa daga gwanayenta mutanen Gabas ne, kuma sun koma gida. Juju ta Yarabawa ta cike gurbin, Fela ya fito da nasa salon, samari kuma suka koma ga jita mai lantarki da kiɗan Baƙaƙen Amurka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Bala ya juyo da hankalinsa gida.

MAKARANTAR KIƊA A KANO

Gwamnan Jihar Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, abokin Bala ne. Gwamnan ya damu da yawan samarin da ke gararamba a gari ba sana'a, ya nemi shawararsa. Bala ya ba da shawarar a buɗe makarantar koyar da kiɗa, aka kuwa ɗora masa aikin kafa ta cikin 1973.

Sai mai karatu ya tuna da matsayin makaɗi a ƙasar Hausa kafin ya gane nauyin wannan shawara. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, a gindin ubansa yake koyo, da kunne da ido. Jama'a na son kiɗa, sarakuna na yi wa makaɗa kyautar doki da riga, amma duk da haka ana lissafa makaɗi cikin maroƙa, kuma ba kowane gida ke ba shi aure ba. To, ga wani ya zo yana cewa a ɗauki yaron da bai gaji kiɗa ba, a zaunar da shi a aji, a koya masa karanta baƙaƙen kiɗa kamar yadda ake koyon lissafi, ya fita da sana'ar da zai ci abinci ba tare da ya yi wa kowa kirari ba. Wannan sabon abu ne ƙwarai. Manufar ita ce a raba kiɗa da roƙo, a mai da shi aiki mai albashi, kamar na makaɗan soja da na 'yan sanda.

DALAR KIƊA

Cikin 1977 Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, watau FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. An yi yawancin wasannin a Ikko, aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka shirya ɓangaren kiɗa na bikin. Bikin ya tara manyan ƙungiyoyi daga ko'ina, har da irin su Bembeya Jazz ta ƙasar Gini, wadda gwamnatin Seku Ture ke ɗaukar nauyinta. Wannan aiki shi ya ta da masa tsohon buri. Cikin watan Maris na shekarar, yana da shekara kusan 49, ya ba da sanarwar neman makaɗa, ya tantance su, ya kafa ƙungiyar da ta yi suna da Pyramids of Africa, watau Dalar Afirka. Bahaushe in ya ji wannan suna, dalar gyada ta Kano zai fara tunawa kafin ta Masar.

Da mutum 12 aka fara, a hankali ƙungiyar ta kai mutum 28. Bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ba na yawan kai kaɗai ba ne. Mutum biyar ko goma suna iya kiɗa da ka, kowa ya saurari ɗan'uwansa ya bi. Amma da zarar an kai ashirin da wani abu, in ba tsari sai hargitsi. Dole a raba su rukuni-rukuni, kamar yadda Duke Ellington da Count Basie suka yi a Amurka. Ga masu ƙananan ƙahoni masu kaifin murya, ga masu dogayen ƙahoni masu kauri, ga masu saksafon a tsakani. A bayansu ga masu ganguna da jita da fiyano waɗanda ke riƙe da taki, a gaba kuma ga mawaƙa da 'yan amshi. Kowane rukuni da abin da aka rubuta masa, da lokacin shigarsa, da lokacin da zai yi shiru. Shirun nan ma wani ɓangare ne na aikin, kuma shi ya fi wuyar koya wa makaɗin da ya saba da titi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gaba ɗaya ga kunnen Bazazzagi. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Zazzau ranar hawan salla ya ji tambura da kakaki da algaita da farai da ganguna, kowanne da muhallinsa da ma'anarsa. Haka kuma waƙar fada ta ginu ne a kan jagora da 'yan amshi, shi ya ja baiti, su su karɓa. Abin da Bala ya yi shi ne ya ba ƙahoni aikin 'yan amshi, mawaƙi ya faɗa, tagulla ta amsa.

Babbar wahalar tana ga harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kuka na hawaye dabam yake da kukar miya, wuyan da ke ɗauke da kai dabam yake da wuyar sha'ani, kuma hawa da saukar murya ne kaɗai ke raba su. Makaɗin gargajiya ba ya shan wannan wahala, domin kalangu da kotso bin maganar suke yi, har su kan faɗe ta. Amma kiɗan Turawa yana da nasa matakan murya da ba ya son a karya. Wanda zai ɗora Hausa a kansa, in ya bi kiɗan ya ɓata ma'ana, in ya bi ma'ana ya ɓata kiɗan, sai fa in ya san duka biyun. Bala ya san su, shi ya sa Hausar waƙoƙinsa ke fita sarai, ba kamar ta baƙon da ya haddace ba.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Ikon Allah, wadda ke magana a kan ƙudurar Ubangiji a kan al'amuran bayinsa. Ɗan limamin majami'a ne ya tsara ta, amma Musulmi da Kirista duk sun karɓe ta, domin ya zaɓi maganar da ba wanda ke jayayya da ita a ƙasar nan. Kaduna ce ta zama mazaunin ƙungiyar, ana zuwa Costain Club a saurare ta. Cikin 1985 kuma ya sami shirinsa na kansa a talabijin na ƙasa, NTA, wanda ake nunawa a faɗin Nijeriya. Ta wannan shiri mutanen Kudu da yawa suka fara ganin cewa Arewa ma tana da ƙungiyar zamani da za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowace a Ikko.

RIBA DA HASARA

Barin kiɗa mai zafi na 'yan mutane kaɗan zuwa kiɗa mai faɗi na taron makaɗa abu ne da ya sha faruwa a duniya. Cikin 1969 ƙungiyar Deep Purple ta Ingila, masu kiɗan jita mai ƙara, sun yi wasa tare da okestirar Royal Philharmonic a Landan. Haka kuma wasu samari uku na Ostareliya, Silverchair, sun fito cikin 1995 da kiɗa mai kaushi irin wanda ake kira giranj, amma zuwa 2002 faifansu Diorama cike yake da gogen Turawa da kayan busa. Duk inda aka yi irin wannan sauyi, muhawarar iri ɗaya ce. Wasu su ce an sami zurfi da ƙawa, wasu su ce an yar da zafin da ya jawo mutane tun farko.

Ga Bala Miller matsalar ta fi haka nauyi, domin yana tsakanin jama'a biyu ne. Bahaushe mai sauraro ya fi ba magana muhimmanci a kan kiɗa. Yana son azanci, da habaici, da kirari, da jin an ambaci wanda ya sani. Shata da 'yan kalangunsa sun isa su riƙe fili har asuba saboda abin da ke fita daga bakinsa. Kiɗan da ke ba ƙahoni fili su yi ta magana ba kalma, kuma ake yin sa a kulob, bai shiga zauren kowa ba. Saboda haka yawancin masu sauraronsa ma'aikata ne, da hafsoshi, da ɗaliban manyan makarantu, da mazauna birane.

Sa'an nan ga nauyin kuɗi. Baki 28 ba wasa ba ne, ga kayan aiki da duk daga waje ake sayo su, ga motar ɗaukar su. An kafa ƙungiyar ne lokacin da kuɗin man fetur ke yawo. Daga 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, cikin 1986 kuma aka karya darajar naira, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Masu satar kaset suka cinye ribar faifai, kamfanonin faifai na ƙasashen waje suka yi ta janyewa. A Gini da Mali gwamnati ko hukumominta ne suka riƙe manyan ƙungiyoyi, kamar yadda hukumar jirgin ƙasa ta Mali ta riƙe Rail Band tun 1970. A Nijeriya kuwa mai babbar ƙungiya shi ke neman abin da zai ciyar da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin shekarun 1990 sai ga fiyano mai lantarki ya shigo Kano tare da finafinan Hausa. Yaro ɗaya a ƙaramin ɗaki yana iya fitar da muryar ganga da sarewa da goge da ƙaho daga akwati guda, daga baya kwamfuta ta ƙara sauƙaƙe abin. Waƙar Hausa ta zamani ta bunƙasa fiye da yadda aka taɓa zato, ta kai Nijar da Gana da Kamaru da Sudan. Ta wannan fuska burin Bala ya cika, domin yau ba mai mamakin jin Hausa a kan kiɗan zamani. Ta ɗaya fuskar kuwa abin ya juya masa baya, domin na'urar da ta yaɗa waƙar ita ce ta rage bukatar mutum ya shekara yana koyon busa ko karanta baƙaƙen kiɗa.

ABIN DA YA BARI

Bala Miller ya rasu cikin 2003 yana da shekara kusan 75. Ya bar misalai uku da suka shafi masu karatun wannan shafi. Na farko, ya nuna cewa aikin ofis ba ya kashe baiwa, kuma horon da mutum ya samu a ofis na tsari da kiyaye lokaci yana iya zama jarin fasaharsa. Na biyu, ya nuna cewa Hausa tana da ƙarfin da za ta zauna a kan kowane irin kiɗa ba tare da ta zubar da kamanninta ba. Na uku, ya nuna wa hukuma cewa ana iya magance zaman banza na samari da ƙaho da ganga, kamar yadda ake magance shi da zarto da guduma.

Sauran aiki yana wuyan na baya. Faya-fayan garmaho da kaset-kaset na wancan zamani ba sa jure zafi da ƙura, haka ma hotunan shirye-shiryen talabijin. Ya kamata gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano, da hukumomin raya al'adu na jihohi, su binciko abin da ke ɗakunan ajiyarsu na Bala Miller da makaɗansa, su juye shi a na'urorin zamani. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero masu neman abin da za su yi nazari a kai, ga fili nan a buɗe. Waɗanda suka yi busa da kiɗa a ƙarƙashinsa, da waɗanda suka zauna a ajin makarantar Kano, duk wanda ya rage a cikinsu yanzu dattijo ne. A je a same su, a rubuta abin da suka sani tun suna iya faɗa.